Yadda za ka ɗaure /tmp da /var/tmp da /dev/shm a sabar Linux ba tare da ka karya komai ba

Jama'a assalamu alaikum. Tambayar nan ta yadda za a tsare /tmp da sauran foldodin ajiyar wucin gadi na Linux ta ƙi ƙarewa, musamman daga masu riƙe da VPS da suka ɗora wa mutane WordPress ko Laravel a kai. Wani ya wayi gari ya ga CPU na ci ɗari bisa ɗari, ya leƙa ya tarar da wani abu wai kdevtmpfsi yana gudu daga cikin /tmp yana haƙo wa wasu kirifto, wani kuma kamfanin da ya ba shi sabar ne ya turo masa gargaɗi. To ga aikin daga farko har ƙarshe. Misalan na Ubuntu da Debian ne, inda AlmaLinux ko Rocky suka sha bamban zan faɗa.

Foldodin nan uku kamar zauren gidan haya suke, kowa na gidan yana da ikon ajiye kaya a ciki, shi ya sa duk wanda ya samu 'yar kafa ta wani tsohon fulogin can yake fara sauke kayansa. Kuma tun yanzu in faɗa, sa noexec kaɗai da kowa ke ta yayatawa, wato zaɓin da ke hana gudanar da furogiram kai tsaye daga folda, bai isa ba, babban aikin shi ne raba wa kowane sabis wurinsa, yana can mataki na 8.

Abin da za ka tanada

Ikon root ko sudo, da sinafshot na sabar kafin ka taɓa komai, da kuma hanyar shiga konsol ta shafin kamfanin da ya ba ka sabar, ka gwada ta yanzu ka tabbatar tana buɗewa, don in ka yi kuskure a fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa sistem abin da zai yi wa maunt idan yana tashi, SSH ba zai tashi ba. Babu manhajar da za ka saya, duk kayan aikin suna cikin Linux ɗin. Kuɗin da zai iya fita shi ne na ajiyar sinafshot in kamfaninka na caji, sai kuma RAM in ka zaɓi hanyar tmpfs, wato ajiye /tmp a cikin RAM. Ka ware kamar awa ɗaya da dare lokacin da mutane suka ragu a shafin, saboda akwai ributin.

1. Duba halin da kake ciki

    ls -ld /tmp /var/tmp /dev/shm
    findmnt /tmp; findmnt /var/tmp; findmnt /dev/shm
    free -h; df -h /
    systemd-detect-virt

In findmnt bai nuna komai ba a kan /tmp, to yana kan faifai ɗaya da sauran sistem ke nan, duk wanda ya cika shi ya cika maka sabar gaba ɗaya. Debian 13 da ta fito a 2025 tana zuwa da /tmp a kan tmpfs da nosuid da nodev, wato zaɓuɓɓukan da ke hana furogiram aron ikon mai shi da hana fayilolin na'ura aiki a wurin, noexec ne kawai babu.

Gargaɗi: in umarni na ƙarshe ya ce openvz ko lxc, wataƙila ba za a bar ka ka yi maunt ba. Kar ka ɓata dare kana kokawa da shi, tsallake mataki na 4 da na 5 ka ci gaba da sauran.

2. Tabbatar ɓarawo bai riga ya shiga ba

Wannan mutane ke tsallakewa, alhali ba amfanin kulle ƙofa mutum na ciki.

    ls -la /tmp /var/tmp /dev/shm
    find /tmp /var/tmp /dev/shm -type f -perm /111 -ls
    ls -l /proc/*/exe 2>/dev/null | grep -E '/tmp|/dev/shm'

Ka lura da -a ɗin nan, yawanci suna ɓoye kayansu a folda mai farawa da ɗigo. .X11-unix da .ICE-unix da .font-unix na gida ne, amma ɓarayi na son kwaikwayon irin sunan su canza harafi ɗaya ko lamba, don haka ka leƙa ciki. Layi na uku ya fi muhimmanci, yana nuna duk furogiram da ke gudu yanzu daga waɗannan wurare, har da wanda ya goge fayil ɗinsa bayan ya tashi, za ka ga an rubuta deleted a gefensa. Ka kuma duba crontab -l -u www-data, don Kinsing, ƙwayar cutar da ke sauko da kdevtmpfsi, da ire-irensa suna dasa layi a kiron, wato jadawalin ayyukan da ke gudu da kansu, da zai sake sauko da su in ka kashe.

In ka samu abu, shawarata ka kwashe bayananka ka gina sabuwar sabar ka yi wannan aikin a kanta. Gogewa da kashe furoses ba ya ba ni natsuwa ko kaɗan, ba ka san me kuma aka dasa ba.

3. Gyara izini

Abin da ya kamata ka gani a ls -ld shi ne drwxrwxrwt, mai shi root. Wannan t ta ƙarshe ita ke hana wani yusa goge ko sauya sunan fayil ɗin wani.

    chown root:root /tmp /var/tmp /dev/shm
    chmod 1777 /tmp /var/tmp /dev/shm

Gargaɗi: 1777 ne ba 777 ba, kuma kar ka kuskura ka sa -R, zai buɗe wa kowa duk fayilolin da ke ciki har da na sashan ɗin mutane. Sannan masu cewa bari in sa 755 ya fi tsaro, apt da MySQL da PHP duk za su fara kuka nan take.

Nemo sauran foldodin da kowa ke iya rubutu amma ba su da t ɗin:

    find / -xdev -type d -perm -0002 ! -perm -1000 2>/dev/null

Kusan kullum za ka ga wata folda ta uploads da wani dibelofa ya yi wa 777 don ya huta. Gyara mai ita, ka mayar 755 ko 750.

4. Ba /tmp wurinsa na kansa

Fara da kwafin fstab:

    cp /etc/fstab /etc/fstab.kafin

Hanya biyu ce, RAM ɗinka zai zaɓa maka.

Ta farko tmpfs, wato /tmp ya zauna a cikin RAM. Ƙara wannan layin a /etc/fstab:

    tmpfs /tmp tmpfs rw,nosuid,nodev,noexec,size=1G,mode=1777 0 0

Ba wai zai kama 1G nan take ba ne, abin da aka zuba ciki kawai yake ci, amma in ba ka sa size ba iyakarsa rabin RAM ɗinka ne. Ni ba na ba mai RAM 1G ko 2G shawarar wannan hanyar in yana da MySQL a sabar, domin MySQL na zubar da manyan teburan wucin gadi a /tmp idan yana jera bayanai masu yawa, RAM ya ƙare, kanel ya kashe wanda ya fi ci, kuma sau da yawa MySQL ɗin ne da kansa. Ƙara RAM kuwa kuɗi ne duk wata, ga yawancinmu ma da dala.

Ta biyu, ga ƙananan sabobi, ka yanki fayil a faifai ka mayar da shi kamar fatishan:

    fallocate -l 2G /var/tmpdisk
    chmod 600 /var/tmpdisk
    mkfs.ext4 /var/tmpdisk

sai layin fstab:

    /var/tmpdisk /tmp ext4 loop,nosuid,nodev,noexec,nofail 0 0

Masu cPanel ku kuna da /scripts/securetmp da ke yin irin wannan, ku yi amfani da shi maimakon hannu.

Kafin ributin, dole:

    findmnt --verify
    systemctl daemon-reload

In ya nuna kuskure a layin da ka ƙara, gyara tukuna. Harafi ɗaya da ya kauce a fstab yana iya tsayar da sabar a yanayin gaggawa, nan ne konsol ɗin da na ce ka gwada zai yi maka rana.

Gargaɗi: za ka iya yin mount /tmp kai tsaye, amma sabon zai hau kan tsohon ne ya rufe shi, fayilolin da sabis ke riƙe da su su ɓace musu, tsoffin kuma suna nan a ƙasa suna cin faifai ba ka ganinsu. Gara ka duba lsof +D /tmp, ka tsayar da sabis ɗin da ke ciki, ka share abin da ba a buƙata, sannan ka yi ributin. Kuma in hanya ta biyu ka bi, bayan ya hau ka sake duba ls -ld /tmp, sabon ext4 da 755 yake zuwa, in bai gyaru da kansa ba ka maimaita chmod 1777 /tmp. A Alma da Rocky ka ƙara da restorecon -v /tmp saboda SELinux.

5. /var/tmp da /dev/shm

Za ka ga wasu na cewa goge /var/tmp ka yi masa simlink, wato fayil mai nuni kawai, zuwa /tmp. Kar ka yi. Ƙa'idar /var/tmp ita ce abin da ke ciki ya tsira bayan ributin, akwai manhajojin da suka dogara da hakan. Ɗaure shi a kan kansa kawai:

    /var/tmp /var/tmp none bind,nosuid,nodev,noexec 0 0
    tmpfs /dev/shm tmpfs rw,nosuid,nodev,noexec 0 0

/dev/shm shi aka fi mantawa, ɓarayi kuma sun san haka, in /tmp ya ƙi su nan suke komawa. Shi ba sai ka jira ributin ba, mount -o remount /dev/shm ya isa. Kar ka matse girmansa in kana da PostgreSQL, yana amfani da wurin.

Yanzu yi ributin, ka sake gudanar da findmnt guda ukun ka ga noexec a kowanne da idonka.

6. Gwaji, da iyakar abin da noexec ke iyawa

    cp /bin/ls /tmp/gwaji && /tmp/gwaji

Ya kamata ya ce Permission denied. Maimaita a /var/tmp da /dev/shm. Yanzu gwada wannan:

    echo 'echo na shiga' > /tmp/g.sh && sh /tmp/g.sh

Zai gudu lafiya lau. Dalili, sh ne ke gudu daga /bin, fayil ɗin karanta shi kawai yake yi, haka ma perl da python3 da php. Wato noexec na tare shirye-shiryen da aka sauko da su a dunƙule irin na haƙar kirifto, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne don yawancin harin na'ura ce ke yi ba mutum ba, in ya ƙi tashi sai ta wuce gaba, amma wanda ya zauna takanas don sabarka zai zagaye shi. Goge fayilolin gwajin ka ci gaba.

7. Abubuwan da za su karye, da maganinsu

Alamar da za ka riƙa gani ita ce Permission denied a kan fayil na /tmp, ko failed to map segment from shared object.

A tsofaffin Debian da Ubuntu apt na zube wasu sikirif na shiri a /tmp ya gudanar da su. In ka ga yana ƙorafi:

    mkdir -p /var/lib/apt-tmp
    echo 'APT::ExtractTemplates::TempDir "/var/lib/apt-tmp";' > /etc/apt/apt.conf.d/50tmpdir

Na fi son wannan a kan dabarar buɗe exec kafin apt a rufe bayansa, don in apt ya mutu a tsakiya /tmp zai iya zama a buɗe ba ka sani ba.

Manhajojin Java da ke sauke laburare a /tmp, ba su wata folda da -Djava.io.tmpdir, Elasticsearch kuma yana da ES_TMPDIR. Tsohon docker-compose mai lamba 1 shi ma ba ya tashi, koma na 2. In kana girka wani abu da hannu, ko go run, ko instola mai .run:

    mkdir -p ~/tmp && TMPDIR=~/tmp ./instola.run

Babban kuskuren shi ne mutum ya ji haushi ya cire noexec gaba ɗaya saboda manhaja ɗaya. Ita ɗayar za ka ba wuri.

8. Raba wa kowane sabis nasa

Nan ne ainihin maganin. Matsalar /tmp ba gudanar da furogiram kaɗai ba ce, haɗuwar kowa a wuri ɗaya ce, shafin da aka fasa yana ganin sunayen fayilolin kowa, wanda izininsa ya yi sako-sako kuma ya karanta shi. systemd na da PrivateTmp, yana ba sabis /tmp da /var/tmp nasa shi kaɗai. Duba waye ke da shi:

    systemctl show -p PrivateTmp apache2 nginx php8.3-fpm mysql

Sa sunayen da ke sabarka. Wanda ya ce no, yi systemctl edit php8.3-fpm ka rubuta:

    [Service]
    PrivateTmp=yes

sai systemctl restart php8.3-fpm. Za ka ga sababbin foldodi a /tmp masu farawa da systemd-private, su ne, kar ka goge su sabis na gudu.

Gargaɗi: in sabis biyu suna magana ta soket da ke /tmp, irin /tmp/mysql.sock ko .s.PGSQL.5432 na PostgreSQL da aka girka da hannu, da zarar ka kunna wannan ba za su ƙara ganin juna ba, shafi ya ce ya kasa haɗuwa da databes. Mayar da soket ɗin ƙarƙashin /run tukuna. Kuma duk abin da ke cikin /tmp na sabis yana tafiya idan aka tsayar da shi.

Sai wani abu da ya kamata masu ɗora shafukan mutane da yawa su gane: duk pool ɗin PHP-FPM, wato rukunin furoses da ke gudanar da PHP na shafuka, a ƙarƙashin sabis ɗaya suke, don haka PrivateTmp ya raba PHP da MySQL amma bai raba shafin wannan kwastoma da na wancan ba. Kowane shafi ya samu yusa nasa da pool nasa da foldarsa, a wajen inda intanet ke iya kaiwa:

    install -d -m 700 -o shafi1 -g shafi1 /srv/shafi1/tmp

a fayil ɗin pool kuma:

    php_admin_value[upload_tmp_dir] = /srv/shafi1/tmp
    php_admin_value[sys_temp_dir] = /srv/shafi1/tmp
    php_admin_value[session.save_path] = /srv/shafi1/tmp
    php_admin_value[session.gc_probability] = 1

Layin ƙarshen nan kar ka bar shi. Debian da Ubuntu suna kashe sharar sashan ta PHP su yi da nasu sikirif, shi kuma bai san da sabuwar foldarka ba, sai fayilolin sashan su yi ta taruwa har inod, wato adadin fayilolin da faifai ke iya ɗauka, ya ƙare alhali df na nuna akwai fili. Sannan ita ma wannan foldar ka yi mata layin bind da noexec irin na mataki na 5, in ba haka ba ka buɗe sabon wurin sauke kaya ke nan.

In kana da mutane masu shiga ta SSH, a Debian da Ubuntu apt install libpam-tmpdir ya wadatar wa yawancin mutane, kowa zai samu /tmp/user/ da lambarsa, TMPDIR ya nuna can. pam_namespace ya fi shi ƙarfi amma in za ka taɓa PAM, tsarin da ke tantance masu shiga, ka bar taga ɗaya ta root a buɗe har ka gwada shiga da wata.

9. Kariyar kanel

Tsohuwar dabara ce, maharin ya hango sunan fayil ɗin da root zai rubuta a /tmp, ya riga shi ajiye simlink da wannan sunan yana nuni ga wani fayil mai muhimmanci, root ya zo ya rubuta a kai da hannunsa. Kanel na da maganin wannan, biyun farko tun 3.6, biyun ƙarshe tun 4.19. Zuba a /etc/sysctl.d/60-tmp.conf:

    fs.protected_symlinks = 1
    fs.protected_hardlinks = 1
    fs.protected_fifos = 2
    fs.protected_regular = 2

sai sysctl --system. Sababbin sistem sun riga sun kunna yawancinsu, sysctl -a | grep fs.protected zai nuna maka.

Gargaɗi: da protected_regular, ko root ne zai iya cin Permission denied in ya zo rubutu a kan fayil na /tmp da wani yusa ya ƙirƙira. Yawanci kiron biyu ne masu yusa daban suke rubuta log ɗaya a /tmp. Kar ka kashe kariyar, mayar da log ɗin /var/log.

10. Shara

Don Allah a daina sa rm -rf /tmp/* a kiron. Yana tafiya da soket na tmux da ssh-agent da foldodin systemd-private, sabis su fara faɗuwa cikin dare ka rasa dalili. systemd-tmpfiles ke wannan aikin sau ɗaya a rana, kuma ya san abin da zai tsallake.

    cp /usr/lib/tmpfiles.d/tmp.conf /etc/tmpfiles.d/tmp.conf

Gyara kwafin na /etc, shi ne ke rinjaye. Abin da Alma da Rocky da Debian 13 ke zuwa da shi kwana 10 ne ga /tmp, 30 ga /var/tmp:

    q /tmp 1777 root root 10d
    q /var/tmp 1777 root root 30d

In /tmp ɗinka ƙarami ne rage zuwa 3d ba laifi. Tabbatar agogon na aiki da systemctl list-timers systemd-tmpfiles-clean.timer.

11. Sikirif ɗinka na kanka

Leƙa sikirif ɗin bakof da kake da su. In akwai irin mysqldump > /tmp/backup.sql, to ka ajiye databes ɗin kwastoma gaba ɗaya a inda kowa ke wucewa, da sunan da kowa zai iya hasashe, kuma da umask na yau da kullum kowa na iya karantawa. Ga yadda ake yi:

    d=$(mktemp -d) || exit 1
    trap 'rm -rf "$d"' EXIT
    mysqldump shago > "$d/shago.sql"

mktemp -d na ba ka folda mai sunan da ba a hasashe da izini 700, trap kuma ya share ta ko da sikirif ya mutu a hanya. In databes ɗin babba ne kuma /tmp na RAM, yi mktemp -d -p /var/backups. Don nemo masu laifin:

    grep -rn '/tmp/' /etc/cron* /var/spool/cron /usr/local/bin 2>/dev/null

Bayan ka gama duka, sake ributin sau ɗaya, ka duba systemctl --failed, ka ɗora hoto a ɗaya daga shafukan don ganin aflod na aiki, ka shiga ka fita don gwada sashan, sannan ka yi apt upgrade kana kallo. Sinafshot ɗin kuma bar shi ya kwana biyu, har bakof na dare da na mako su zagayo lafiya, kafin ka goge.